Wasiƙa daga Hangzhou: garin da ake aron dutse

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa yana lafiya, ya damina ya kuma haƙuri da mu. Nan ma ruwan muke sha, daga wata na shida zuwa na bakwai sama bata ɗaukewa, ka shanya riga kwana uku ka dawo ka tarar tana nan jiya-i-yau har ta fara warin gumi.

Abin da yasa na zauna rubutun nan, duk wanda yaji ina Chaina abu na farko da zai ce shine turo mana hoton dogayen benaye, ni kuma gaskiya benayen sun daina burge ni tun shekarar farko. Kwanaki wani abokin babanmu ɗan Kantin Kwari yazo sari Yiwu, ya biyo ta nan, na kai shi bakin Tafkin Yamma wanda su suke kira Xihu. Muka tsaya yana kallon ruwa da duwatsu cikin hazo, can sai yace ɗana wai ina garin yake ne, ba kace mutum sama da miliyan 10 ne a nan ba? Nace Alhaji ai ka juya baya. Ya juya yaga benaye, yayi shiru, sannan yace to su waɗannan me ya hana su cike ruwan su yanka shaguna. Nayi dariya amma wallahi tambayar ta kwana a raina.

Su mutanen nan suna da wata kalma shanshui, shan dutse, shui ruwa. Asali sunan zanensu na gargajiya ne, irin wanda ake yi da baƙar tawada, dutse ya tashi sama, ruwa na gangarowa, hazo a tsakani, mutum kuma ɗan mitsitsi can ƙasa sai ka ƙura ido zaka gan shi. A 1990 wani masanin roka mai suna Qian Xuesen, wanda ya dawo daga Amurka a 1955 ya kafa musu harkar makamai masu linzami, ya rubuta wa Farfesa Wu Liangyong na jami'ar Tsinghua wasiƙa yana tambayar ko ba za a iya gina birni a kan tsarin wannan zane da lambunan gargajiya ba. Mutumin roka fa, shine yake kukan ana cika gari da akwatunan siminti. Daga nan maganar birnin dutse da ruwa ta samu shiga, har yau magina na ta jan ta kowa da inda yake kai ta.

Wanda yafi suna da ita yanzu shine Ma Yansong na kamfanin MAD. A Beijin kusa da lambun Chaoyang ya gina wasu tagwayen benaye na baƙin gilashi, an gama a 2017, tsayi sama da mita 100, an lanƙwasa su kamar tsaunin da ruwa ya daɗe yana zaizaya. Na je na gani. Daga nesa in inuwarsu ta faɗa cikin tafkin lambun abin akwai kyau ba ƙarya, amma da na matso sai naga ofisoshi ne dai da masu gadi da ƙofar da sai da kati take buɗewa. A zanen nasu mutum yana shiga dutsen ne ya zauna ƙarƙashin bishiya, nan kuwa iyakarka ka ɗaga wuya ka ɗau hoto. Ni dai a ganina kamannin ya ɗauko ya bar zaman.

Akwai ma waɗanda suka wuce gona da iri. A Chengdu an yi wasu benaye 8 masu gidaje 826, ko wane gida da lambunsa a baranda, duk an saye, amma a 2020 labari ya bazu cewa iyalai ƙalilan ne suka tare, shuke-shuken ba mai kula suka zama daji, sauro ya samu gida. Mu da muka san sauro ba sai an mana bayani ba.

Inda abin ya kama ni sosai a Ningbo ne, tafiyar kamar awa ɗaya daga nan a jirgin ƙasa mai gudu. Gidan tarihin garin Wang Shu ne ya tsara shi tare da matarsa Lu Wenyu, an buɗe a 2008, shi kuma ya ci kyautar Pritzker a 2012, wadda ita ce babbar kyauta ta masu zanen gini. Filin wajen da ƙauyuka ne aka rushe don a yi sabuwar unguwa, sai ya sa aka kwaso baraguzan, tsofaffin bulo da fale-falen rufi da fasassun duwatsu, aka ɗora bango da su ta wata dabarar magina ta yankin da ake kira wapan, wadda talakawa ke yi in guguwar teku ta rushe musu gida su tattara abin da ya saura su mayar. Na tsaya jikin bangon nan na kai rabin awa. Layin bulo mai ruwan toka, sai kwatsam jan fale-fale siriri an jera shi kamar shafin littafi, sai wani bulo da har yanzu tambarin wanda ya gasa shi yana jiki. Wani ɓangaren kuma siminti ne amma da gora aka yi masa kwalin zubi, shatin gorar ya fito raɗau. Ginin gabaɗaya ya tsage daga sama kamar dutse mai kwazazzabai, kana hawa matakala kamar kana bin hanyar tsauni. Wata tsohuwa na gani kusa da ni tana shafa bangon da tafin hannu tana yi wa jikarta magana, Sinancina bai kai in gane yaren Ningbo ba, amma ai fuska ta isa.

Sai Suzhou. Can akwai lambun da aka fara tun wajen 1509, kana tsaye a ciki sai ka hango hasumiyar wani wurin ibada ta leƙo ta tsakanin bishiyoyi kai kace a cikin lambun take, alhali tana can cikin gari nesa. Da gangan aka bar mata hanya, sunan dabarar ma aron kallo, wato ka ari dutse ko hasumiyar da ba taka ba ka ƙawata gidanka ba tare da ka biya ko sisi ba. Bango ɗaya ya raba lambun da gidan tarihin da shahararren mai zanen gini I. M. Pei ya gina a 2006, shi bai yi tsawo ba kwata-kwata, farin bango da layin toka, ya yanka duwatsu falle-falle ya jera jikin bangon a bakin ruwa sai ga zanen tawada ya fito ba alƙalami. Aron kallon nan shi ya tuna min da Dala, don da daga lunguna da yawa na cikin gari kana hango shi, yanzu sai ka zagaya ka zagaya bene ya tare.

Kar kuma ku ɗauka duk abin ado ne. Marigayi Yu Kongjian, wani masanin tsara birane da lambuna, ya daɗe yana cewa a bar gari ya sha ruwa kamar soso maimakon a kore shi ta kwalbati, a 2015 gwamnati ta fara gwaji da birane 16, ana barin fadama da tafkuna da daɓen da ruwa ke ratsawa. Bai hana masifa duka ba, Zhengzhou tana cikin masu irin aikin amma a Yulin 2021 ruwan sama da milimita 200 ya sauka cikin awa ɗaya, har jirgin ƙarƙashin ƙasa ya cika, mutane da yawa suka rasu. Duk da haka da nake karanta bayanin sosan nan kududdufanmu kawai nake gani, ramin da aka haƙi ƙasar tubali aka gina unguwa shine kuma yake shanye ruwan unguwar, mun cike da shara mun yanka filoti.

Shi Tafkin Yamma ɗin ma ba haka kawai ya tsira ba. A 1090 gwamnan garin, Su Dongpo, ya tara mutane suka yashe shi don ya fara cikewa, lakar da aka kwaso aka yi hanya da ita ta ratsa ruwan mai gadoji 6, ita muka taka da Alhaji har ya fara kukan gwiwa. Tun 2002 aka cire kuɗin shiga yawancin bakin tafkin, da asuba tsofaffi ne fal suna motsa jiki wasu na rubutu a ƙasa da ruwa da ƙaton buroshi, rana na fitowa rubutun ya bushe.

Da zamu rabu na ciro takardar yuan ɗaya na nuna masa bayanta, hoton tafkin ne a jiki da 'yan hasumiyoyin nan uku na cikin ruwa. Ya karɓa ya juya ta ya sa a aljihu yace wannan kam bazai kashe ba, in kun haɗu a kasuwa ku ce ya nuna muku. A gaida mutan gida duka, a saka mu a addu'a, jarabawa saura sati biyu.