Wahalar da na sha wajen ƙara wa finafinan DVD girma

Da na sayi sabon talabijin, sai na zazzage akwatin tsofaffin fayafayan DVD ɗina, na kwashe su zuwa kwamfuta da wata manhaja mai suna MakeMKV. Fim ɗin farko da na kunna, hoton ya fito dishi-dishi kamar ana kallo ta gilashin da ya yi ƙura. Ba laifin talabijin ba ne. Faifan tsarin PAL (tsarin bidiyo na Turai da yawancin Afirka) ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, na NTSC (tsarin Amurka) kuma 720 da 480, shi kuwa allon 1920 da 1080 yake jira.

Garaje na yi. Na ja hoton kai tsaye zuwa 1080, na kwana ina jira. Da safe na tarar duk wanda ya ɗaga hannu a fim ɗin, gefen hannun ya zama layi-layi kamar haƙoran matsefi. Ashe fayafayai da yawa rabi-rabi suke ajiye hoto, layukan mara daban, na cika daban, kuma dole a haɗe su kafin a ƙara girma. Ni kuwa na ƙara wa matsefin girma ne, ya zauna daram. Manhajar sauya bidiyo ta HandBrake na da matatar wannan gyara, ban dai duba ba. Fayafayan NTSC na da tasu rigimar: fim mai hoto 24 a daƙiƙa an cusa masa maimaici ya kai kusan 30, in ba a cire ba, tafiyar kyamara sai ta riƙa ɗingishi.

Akwai kuma fim ɗin da na manta ban gyara faɗin hotonsa ba. Hoto mai faɗi na 16:9 a matse yake cikin ɗigo 720, a faifan PAL sai an buɗe shi zuwa 1024. Kowa ya fito dogo siriri kamar sanda.

Na gwada wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai ƙara wa hoto girma. Kwana biyu fankar kwamfuta na kuka. Zanen katun ya yi kyau, ban musa ba. Amma fuskar wani dattijo ta koma sumul kamar ta roba, rubutun allon da ke bayansa kuma ya zama wasu haruffan da babu su a duniya.

Yanzu layuka kawai nake haɗewa, in gyara faɗi, in ajiye fim ɗin da tsarin matse bidiyo na H.264 a girmansa na asali, talabijin ya ƙarasa sauran. Kujerar ma na ja ta baya kaɗan.