Yaron da bai yi kuka ba

A damunar 2022, wadda ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa wa 'yan kasuwa kaya, katangar gidanmu ta ƙasa ta faɗi cikin dare. Muna kusa da Jakara, kwatar layinmu ta toshe da leda, ruwa har gwiwa a tsakar gida. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi.

Auta ta yi ihu har muryarta ta dishe, hankalin kowa ya koma kanta. Ba a jima ba sai ga ta tana gina ɗaki da laka, ta kwara masa ruwa ya rushe, ta sake ginawa. Kakarta ta ce fatan tsiya ne, a hana ta. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri a ƙyale ta." Da wasan nan ta fitar da tsoronta.

Yayanta kuwa, mai shekara 10, shi ya saɓa ta a kafaɗa zuwa maƙwabta, ko hawaye bai yi ba. Kowa sai, "Kai, namiji!" Yabon nan ne ya rufe masa baki. Da hadari ya taso daga gabas, sai ya zagaya yana dafa bango, yana jin ko ya jiƙe. Abinci ya ragu, kullum ciwon ciki, sai fitsarin kwance, yana ɓoye tabarma tun asuba. Malaminsu na Islamiyya ya ce hadda ta tsaya, taga kawai yake kallo.

Duk wanda na gaya wa sai ya ce yaro ne, zai manta. Har yau maganar nan tana ƙona min rai. Ina zai manta, alhali an hana shi nuna tsoro?

Wani dare na zauna kusa da shi, ban matsa masa ba. Can ya ce, "Umma, idan na yi barci wa zai ɗauki Auta?" Ashe gadi yake yi.

Ba mu yi masa alkawarin ruwa ba zai sake shigowa ba, don zai gane ƙarya ce. Babansa ya ce masa gadi aikin manya ne, ya nuna masa inda za mu fita da gidan da za mu fake, ya sa shi miƙa wa magini bulo, suka yashe kwata tare da samarin layi. Barcinsa bai daidaita ba sai da sanyi ya shigo.

Idan naku ya wuce wata guda a haka, a haɗa addu'a da ganin likita. Kuma a daina ce masa namiji, a tambaye shi me yake tsoro.