Ba hazo kaɗai ke shaƙe mu a Mararaba ba

Shekaranjiya da asuba na fito zan tafi masallaci, wallahi fitilar masallacin da ke ƙarshen layinmu dishi-dishi nake hangota kamar an lulluɓe ta da farin mayafi, ga wani ɗaci a maƙogwaro tun kafin in kai bakin get. A sahu kuwa tari kawai kake ji ta ko'ina, liman kansa sai da ya tsaya sau biyu a cikin Fatiha. Da aka sallame kowa sai cewa yake hunturu ne, hazo ne, Allah Ya kawo mana sauƙi. Na ce amin, amma ni dai hancina ba ƙura kaɗai ya jiyo ba, ƙaurin leda ne da roba.

Hazon gaskiya ne, ba musu. Ƙurar nan daga nesa take zuwa, mafi yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda a da can ruwan tafkin Chadi ya kai kafin ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashe ta, ta biyo ta Nijar da Kano har ta iso mana nan, daga wajen Nuwamba har zuwa Maris. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da gargaɗi, wani lokacin jirage su kasa sauka. Wannan tun kakanninmu ake yinsa, da man kaɗanya da rawani aka saba tararsa.

Abin da kakanninmu ba su sani ba shi ne wanda muke ƙarawa a kai da hannunmu. Mararaba a ƙaramar hukumar Karu take, jihar Nasarawa, amma kusan duk wanda ke kwana a nan Abuja yake aiki, haya ce ta koro mu, wasu kuma rusau. Gidaje sun tsiro ta ko'ina har Masaka, layuka ba kwalta, kowace tifa ta wuce sai ta bar maka jar ƙura a kan shanya da cikin kwanon abinci. Ka fito titin Keffi ƙarfe shida na safe ka ga gosulo tun daga nan har Nyanya, tsofaffin motoci a tsaye injin na aiki, 'yan acaɓa na kutsawa tsakani, kai kuma kana cikin bas taga a buɗe kana zuƙa awa guda ko fiye. Da dare a ɗauke wuta, kowane shago ya tayar da janareta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa da na sani sun ajiye tukunyar gas sun koma gawayi da itace, mu ma na ɗan lokaci mun koma.

Sai bola. Wannan ita ta fi ci min rai. Bayan gidanmu akwai fili da ba a gina ba, nan kowa ke zubarwa, ledar fiya wata, famfas ɗin yara, tsofaffin takalma, har batir. Da magariba dattijon da ke gadin filin sai ya cinna mata wuta, ba ta ci sosai ba ta mutu, haka za ta kwana tana turnuƙe. Kuma a hunturu da dare iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, to hayaƙin ba ya iya tashi, nan yake kwanciya daidai tagoginmu har rana ta fito ta ɗumama gari. Shi ya sa asuba ta fi muni.

Na sami dattijon rannan na gaishe shi na ce Baba don Allah a daina ƙona ledar nan, yarinyata asma gareta. Ya dube ni ya ce ɗana, to ina zan kai ta? Wata nawa rabon da ka ga motar kwasar shara a layin nan? Na rasa abin da zan ce masa don gaskiya ya faɗa.

Ita yarinyar shekararta 6. Ƙarfe uku na dare za ka ji numfashinta na fita da ƙara kamar usur, uwarta ta tashi ta zaunar da ita ta nemo inhela, ni kuma in jiƙa tawul in toshe ƙasan ƙofa. Likitan da ya duba ta ya yi min bayanin abin da suke kira PM2.5, ɓurɓushin da ido ba ya gani, wanda gashin hanci ba ya tarewa, sai ya wuce can cikin huhu har jini, kuma hayaƙi ya fi kawo shi. Hukumar lafiya ta duniya a 2021 ta ce bai kamata ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba a yini guda. Mu a layinmu ko na'urar aunawa ba wanda ya taɓa gani.

Yanzu dai mun haɗu mu gida tara muna ba mai baro kuɗi duk Asabar yana kwashe mana, Baba ma ya yarda ba zai sake kunnawa ba in dai ana kwashewa. Jiya da dare na leƙa, filinmu ba wuta, amma daga layin baya hayaƙi na tasowa, iska kuma ta nan take kaɗowa.