Babban reshe amanar kowa ce

Ƙannena masu shigowa aikin rubuta manhaja, tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren aiki, a 2005 domin tafiyar da aikin Linux, tsarin sarrafa kwamfuta, tsarin yake bai wa kowa cikakken tarihin aiki a kwamfutarsa, kuma wannan sakewar ce take ruɗar sabon shiga. A Git, reshe layin gyare-gyare ne da ake bi daban. Babban reshe, wanda GitHub, dandalin intanet na ajiye ayyukan Git, ta koma kiransa main a maimakon master ga sababbin ma'ajiyoyi a 2020, daga gare shi kowa yake tsirar da nasa reshen, kuma sau da yawa daga nan ake ɗaukar abin da zai je hannun masu amfani da manhajar.

Wata rana Git ya ƙi karɓar abin da na tura, domin wata abokiyar aikina ta riga ni tura gyaranta. Maimakon in jawo nata in haɗa da nawa, sai gaggawa ta sa na rubuta git push --force, wato tura ta tilas mai maye abin da ke can da nawa, nan take aikinta ya ɓace daga babban reshe. Mun dawo da shi daga kwafin da ke kwamfutarta, amma waɗanda suka jawo aikin a tsakanin sun wuni suna warware tarihin da ya saɓa da na juna.

Don haka kada ku sake fasalin tarihin da wasu suka riga suka jawo. Idan gyara mara kyau ya shiga, ku yi amfani da git revert, wanda yake ƙara sabon gyara mai soke na baya, ya bar tarihin a fili yadda kowa zai ga abin da ya faru da dalilinsa. Tura ta tilas ku taƙaita ta ga reshenku na kanku, can ma --force-with-lease ya fi aminci, domin yakan ƙi idan wani ya tura abin da ba ku gani ba.

Ku kulle babban reshe yadda babu abin da zai shige shi sai wani ya duba kuma gwaje-gwaje sun wuce, kuma dokar ta hau kan shugaban aikin ma, domin shi ne mai ikon da ɓarnarsa ta fi girma. Reshenku kuma kada ya daɗe a gefe. Gyaran da aka duba cikin kwana ɗaya ko biyu ya fi sauƙin haɗewa a kan na makonni, wanda mai dubawa yakan gaji ya amince ba tare da ya karanta ba.