Fitilun da na ɗaura wa motar gona don duba shanu da dare

Saniya tana ɗaukar ciki kwana 283 ko kusa da haka, kuma idan kwanakin suka cika ba ta zaɓen lokaci. A garkenmu da yawa cikin dare suke haihuwa. Shekara da shekaru da tocila nake zagaya su, hannu ɗaya a sitiyarin 'yar motar gona, irin mai kujera biyu da buɗaɗɗen baya, ɗaya hannun a waje ina haskawa. Fitilun da motar ta zo da su ƙasa-ƙasa suke, ciyawa kawai suke nuna maka da abin da ke gaban taya. Ranar da na wuce wata karsana tana naƙuda a gefen shinge ban gan ta ba sai da asuba, maraƙin ya riga ya mutu, ranar na yanke shawarar ƙara wa motar haske.

Abin da na fara saye doguwar fitilar LED ce mai wat 120, na ɗaura ta a kan rufin motar tana kallon gaba. Haske kam ta bayar, har ƙarshen makiyayar kana hange. Amma a daren farko na ga matsala biyu. Hasken yana dukan bonet ya dawo mini cikin ido, idan kuma akwai ƙura ko hazo sai gabana ya zama fari fat. Ta biyun ta fi damuna: ina shiga sai shanun da ke kwance suna tuƙa suka miƙe gaba ɗaya, wasu suka zabura suka yi gefe. Idon saniya yana da wani shafi a ciki mai mayar da haske, shi ya sa yake ƙyalli da dare, kuma shi ke sa ta fi mu gani a duhu. To idon da aka yi shi don ɗan haske ka watsa masa wat 120 lokaci guda, ka makantar da ita na ɗan lokaci, ga inuwoyi masu kaifi suna tsalle a ƙasa, abin da shanu ba sa so ko da rana. Ni kuwa abin da na je gani shi ne wace ce ta ware kanta, wace ce take ɗaga wutsiya tana kwanciya tana tashi. Da zarar duk sun miƙe sun cakuɗe, wannan alamar ta ɓace.

Sai na zauna na yi tunanin yadda nake zagayen a zahiri. Ba na tunkarar shanu da gaban mota, gefensu nake bi a hankali. Ashe haske na gefe nake buƙata. Na sayi ƙananan fitilu biyu masu wat 18 kowace, irin masu baza haske, ba masu tsayar da shi wuri guda ba, na ɗaura ɗaya dama ɗaya hagu a ƙarfen rufi, na sunkuyar da su yadda hasken zai faɗi a ƙasa ya kama jikin dabba da ƙafafunta ba tare da ya soki idonta ba. Na zaɓi masu haske mai ɗan rawaya maimakon fari mai shuɗi-shuɗi, domin ya fi sauƙi a ido cikin ƙura, kuma da shi na fi bambance jini da ruwan haihuwa. Kowace da makunninta. Na ƙara ƙarama guda a baya don lodin kaya da ɗaukar maraƙi. Babbar fitilar ban cire ta ba, na dai ja ta baya kaɗan yadda rufin zai tare bonet, yanzu sai in ina neman dabbar da ta ɓalle ko ina bin shinge nake kunna ta.

Wajen wayarin ne na sha wahalar gaske. Lissafin ba wuya: ka raba wat da bolt ka samu amfiya. Batirin motar bolt 12 ne, saboda haka babbar fitilar tana jan amfiya 10, ƙananan biyu tare amfiya 3. Wannan na sani tun farko. Abin da ban kula da shi ba shi ne irin waɗannan ƙananan motoci ba sa cajin batir kamar babbar mota, musamman in ana tafiya a hankali ko injin yana aiki a tsaye, kuma zagayen shanu duk tafiyar hankali ce. Wani dare na tarar da saniya maraƙi ya tsaya mata, na kashe injin don kada ƙararsa ta tayar mata da hankali, na bar babbar fitila da na gaba a kunne fiye da sa'a guda. Muka gama lafiya, na murɗa makulli, shiru. Da ƙafa na koma, na bar mota a fili har gari ya waye. Washegari na sa ɗan agogon da ke nuna bolt a gaban sitiyari. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6 idan injin a kashe yake, in yana caji kuma ya kai 13.5 zuwa 14.5. Da na ga lambar tana gangarowa ƙasa da 13 alhali injin yana aiki, na san ina ci fiye da abin da ake zubawa, sai in kashe wata.

Wani mai riwaya ne ya duba aikina ya ce mini, “Malam, wannan fiyus ɗin ka kai shi nesa, waya yake karewa ba fitila ba.” Gaskiya ya faɗa. Na sa shi can kusa da makunni, ke nan duk tsawon wayar daga batir zuwa wurin ba ta da kariya, in ta goge da ƙarfe ta fashe sai wuta, a motar da kullum akwai busasshiyar ciyawa a cikinta. Muka mayar da shi dab da kan batir, mai amfiya 15 ga babbar fitila, muka sa rile yadda makunnin ba zai ɗauki nauyin wutar ba, muka canja wayar da mai kauri, muka sa roba a duk ramin da ta ratsa ƙarfe.

Sauran ƙananan abubuwa ne da lokaci ya koya mini. Girgiza tana kwance noti, sai da na koma masu roba a ciki. Haɗin da aka naɗe da salatif kawai ba ya jure raɓa da wankin mota. Fitila mai alamar IP67 ba ta shan ƙura kuma tana jure ruwa, amma mahaɗar wayarta ce ke fara tsatsa. Maraƙa kuma suna taunar duk abin da ya yi lilo, don haka duk wayar da ke waje na cusa ta cikin bututu.

Yanzu in na isa garke sai in kashe na gaba tun daga nesa, in kunna ta gefe guda, in bi a hankali. Yawancinsu ko tashi ba sa yi. A makon da ya wuce na tsaya gefen wata karsana, tazarar taku goma sha biyar, na ga ƙafa biyu sun leƙo. Abin da nake dubawa shi ne tafin kofato: in yana kallon ƙasa, ƙafafun gaba ne, hanci na biye, in yana kallon sama, galibi maraƙin da baya ya taho, kuma a nan ba a jira, likitan dabbobi ake kira. Daga kan kujera na ga tafin yana kallon ƙasa. Na bar injin yana aiki, na zauna ina kallo har hancin ya fito, ita kuma ba ta ko waiwayo ni ba.