PlayStation 6 da wuri? Ga lissafin daga gidan gem a Bauchi

Tun da Nintendo ta fitar da Switch 2 a watan Yunin 2025, musun 'yan gem ya koma kan Sony: ta yi maza ta fito da magajin PlayStation 5 (PS5), ko ta bar na'urar ta ci shekarunta? Ni dai ina ganin ta dakata. Dalilan kuma sun fi fitowa fili idan aka dube su daga cikin shagon gem na Yelwa ko Gwallameji, inda kowace na'ura jari ce da ake jiran ta mayar da kuɗinta wasa bayan wasa.

Sony tana da tazarar da ta saba. PS2 ta fito a 2000, PS3 a 2006, PS4 a 2013, PS5 a Nuwamban 2020. Shekara shida zuwa bakwai ke nan, biyun ƙarshe bakwai-bakwai, don haka duk abin da ya zo kafin ƙarshen 2027 ana iya ce masa gaggawa.

An taɓa gwada gaggawar, kuma ba kowa ya sha da daɗi ba. Sega ta saki 32X a ƙarshen 1994, wani ƙari da ake ɗora wa Mega Drive, a daidai lokacin da sabuwar na'urarta Saturn ke fita a Japan. A watan Mayun 1995 ta jefa Saturn kasuwar Amurka ba zato ba tsammani, watanni kafin ranar da ta sanar, a kan dala 399. Masu haɗa wasanni ba su shirya ba, dillalan da aka tsallake suka fusata, Sony kuma ta sa wa PlayStation dala 299. Kafin Saturn ta tsaya da ƙafarta an kawo Dreamcast a 1998. Na'ura ce mai kyau, amma mutanen da aka bari da kaya a hannu har sau biyu sun ƙi sake zura jiki. A 2001 Sega ta bar ƙera na'ura gaba ɗaya.

Microsoft ta ci ribar saurin, ta kuma biya kuɗinsa. Xbox ta farko shekara huɗu kawai ta yi, aka fitar da Xbox 360 a 2005, shekara guda kafin PS3. Ta kama kasuwa, amma zafin aiki da hucewa, kunna a kashe, ya riƙa fasa dalmar da ke riƙe da ƙwaƙwalwar hoto, sai jan zobe ya kama a gaban na'urar ta mutu. A 2007 kamfanin ya tsawaita garanti zuwa shekara uku, ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara. Wanda ya sayi irin wannan na'urar ta hannu a Najeriya kuwa, babu garantin da ya iso shi.

Inda gaggawa ta yi rana sosai shi ne wajen Nintendo. Wii U ta fito a 2012, ba ta kai miliyan 14 ba a duk rayuwarta, aka maye ta da Switch a Maris 2017, wadda ta haura miliyan 150. Amma Wii U ta riga ta mutu a kasuwa, binne ta kawai aka yi. PS5 ba ta cikin wannan hali. Hasali ma ba ta ci shekarunta cikakku ba, domin ƙarancin kayan lantarki ya sa a 2021 da 2022 ko mai kuɗi a hannu sai ya sha wuya kafin ya samu.

Sai maganar farashi, wadda ta fi komai damuna. A da, na'ura tana araha idan ta tsufa. PS2 ta fara a dala 299 ta sauko har 99. PS4 ta fara a 399, ƙaramarta ta 2016, wato Slim, ta zo a 299. PS5 kuwa ta fara a 499, aka ƙara mata kuɗi a ƙasashe da dama a 2022, sannan a Amurka a Agustan 2025. PS5 Pro ta fito a 2024 a kan dala 699, kuma babu wurin sa faifai, sai ka saya daban. Ƙanƙanta ƙwaƙwalwar na'ura ya daina rage kuɗin ƙira kamar yadda yake yi a baya. To wadda za ta fi Pro ƙarfi, nawa za a sa mata? A ɗora wannan a kan naira, wadda tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a kan dala cikin 2024.

A shagunan Bauchi har yau PS4 ce ke ɗauke da kasuwa, kuma ƙwallo ake bugawa. Mai shago ba ya kallon ƙarfin na'ura kamar yadda yake kallon mai. PS4 Slim tana jan kusan wat 80 a lokacin wasa, talabijin mai inci 32 kusan wat 50. Teburi huɗu wat 520 ke nan, a ƙara fanka biyu da fitila a tashi wajen 700. PS5 tana jan kusan wat 200, kuma ba za ka haɗa ta da ƙaramar talabijin ba, sai mai inci 43 da ke jan wajen 80. Teburi huɗu sun wuce wat 1,100 kafin a kunna fanka. Ƙaramin janareta ya fita daga lissafi, sai mai 2.5kVA. Mai sola kuma sai ya ninka batir idan yana son ya kai sha ɗayan dare, lokacin da ɗalibai suka fi cika. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan bambancin shi ne ribar yini.

Hannun bugawa ma wani kuɗin ne. DualShock 4, hannun PS4, ba ya buga wasannin da aka yi wa PS5, sai na PS4 da aka sa a cikinta. Shagon da ya sauya na'ura huɗu sai ya sayi DualSense, hannun PS5, takwas a ƙalla, da biyu na ko-ta-kwana. Kuma hannu shi ne abin da ya fi mutuwa a gidan gem: sandar hagu ta cinye daga ciki, ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Masu gyaran waya na Wunti suna iya cire sandar, ƙafafu goma sha huɗu ne na dalma, su dasa sabuwa. Kowane sabon zamani yana nufin sabbin kayan gyara da sai an jira sun iso Legas ko Kano, da sabon koyo ga mai gyara.

Abin da ake tallata sabuwar na'ura da shi, 4K da hoto 120 a daƙiƙa, ba ya fita a talabijin ɗin da yawancin shaguna ke da ita, wadda iyakarta 60. Yaro ya biya kuɗin PS5, idonsa na ganin abin da bai fi na PS4 da yawa ba, sai dai saurin buɗewa.

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi a ɓangaren masu son a yi sauri, kuma gaskiya ce. Da zarar sabuwa ta fito, mutanen Turai da Amurka suna sayar da tsofaffinsu, kayan hannu su cika kasuwa, farashi ya faɗi. Haka PS4 ta wadata a nan bayan 2020. Sai dai fitowar sabuwa ita ce ke fara ƙirga kwanakin ta baya. A wasan ƙwallo, FIFA 14 ce ta ƙarshe a PS2, FIFA 19 ta ƙarshe a PS3. PS4 ta samu FC 24 da FC 25, sabon sunan FIFA, saboda masu ita sun haura miliyan 117 kuma EA, mai yin wasan, ba ta son barin kuɗinsu. Ranar da PS6 ta sauka, kamfanoni ba za su ci gaba da yi wa zamani uku aiki ba, kuma PS4 za a fara yankewa. Shagon da ba shi da ƙwallon bana, mai sabbin 'yan wasa a sabbin kulob, yara sukan tsallaka zuwa na gaba. Wato mai PS4 huɗu za a tilasta masa sauya duka a lokaci guda, ko farashin PS5 ya faɗi yadda yake so ko bai faɗi ba.

Wanda ke da jari yanzu, shawarata kada ya jira PS6, kada kuma ya sauya komai lokaci ɗaya. Ya ƙara PS5 guda ɗaya mai cin faifai, ya sa mata kuɗi daban. Faifai ana sayar da shi, ana musanya, ga shi yana rage sauke wasan da ya kai gigabait 50 da data. Sauran kuɗin ya tafi kan kula da waɗanda ke hannu. Ƙurar hunturu ce ke kashe PS4: tana toshe ƙarfen sanyaya, fanka ta hau ƙara, na'ura ta kashe kanta a tsakiyar wasa. A buɗe ta bayan hunturu, kafin zafin Maris da Afrilu, da sukundireba mai bakin tauraro T8 ko T9, a share fanka da burushi mai laushi, a goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwa a sa sabo daidai ƙwayar wake. PS5 daban take. Murfinta na zamewa ba tare da kwance ko ƙusa ɗaya ba, kuma akwai ramukan da aka yi don zuƙe ƙura. A tsaya nan. Abin da ke kan ƙwaƙwalwarta ruwan ƙarfe ne mai ɗaukar lantarki, ɗigo ɗaya a kan allon lantarkin da ke cikin na'urar ya isa ya ƙona shi. A ɗaga na'ura daga ƙasa, a bar mata tazarar tafin hannu ta baya, a haɗa ta da sitabilaiza, kuma a kashe ta a zare kafin a juya layi daga wutar gari zuwa janareta.