Dalilin da ya sa jan haske ya fi bazuwa

Tun ranar da na haska fitilar leza ta siririyar kafar da ke tsakanin reza biyu, na ga ɗigon hasken ya rikiɗe ya zama jerin layuka masu haske da duhu a jikin bango, al'amarin bai fita daga raina ba. Da jan haske, wanda tsawon zangonsa (wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar hasken da tudu na gaba) ya kai kimanin nanomita 650 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), layukan sun ba juna tazara sosai, amma da na sauya zuwa kore mai nanomita 532 sai suka matsu. Dalili kuwa shi ne, gwargwadon tsawon zangon haske gwargwadon lanƙwasarsa idan ya ratsa ƙaramar kafa. Shi ya sa farin haske, wanda ya ƙunshi launuka masu tsawon zango daban-daban, ke rarrabuwa launi-launi a fuskar faifan CD, wadda siraran layukanta ke aiki kamar ƙananan kafofi, inda ja ya fi kowanne karkata.